Rabon Uwa

Ran da na daka wa Mudassir tsawa
don ya zubar da rabin kofin madara,
ba muryata na ji ba.
Wata mace ce mai kaushin harshe
ta ari bakina babu sallama.
Yaron ya tsaya, cokali a hannu,
yana duban fuskata
kamar mai neman ƙofar gidansu a unguwar da aka rushe.

Na zaga bayan ɗaki, inda tulu yake zufa,
na zauna a ƙasa.
Ga Dutsen Taka can ya harɗe bisa Kasala.
Bai taɓa yaye ba, shi ya sa yake da natsuwa.

Wata bakwai ke nan uban yara yana Gadarif,
gonar riɗi ta wani, lauje nasa.
Saƙonsa kan zo bayan isha: kuna lafiya?
In mayar: lafiya lau.
Kalma biyu sun fi sauƙin ɗauka
da labarin barcin da ya yi mini yaji,
da ƙirga numfashin Ihlas har kiran assalatu,
da tsayuwata jiya gaban kaskon kisra
na manta abin da hannu yake yi da ƙullu.

An ce haƙuri maganin zaman duniya.
Na sha, na ƙara, har jikina ya saba da shi.
An ce uwa ba ta gajiya.
Wanda ya faɗa, a goye yake lokacin.

Hajja Batul ce ta leƙo ta katanga.
Ba ta ce in yi istigfari ba, ta san ina yi.
Ta ce, miƙo mini ƙaramar.
Ta soya gahawa, ta daka da citta,
ta tsiyaya mini daga jabana, ta yi shiru
har sai da na sha kofi na biyu.
Sannan ta ce: kin san Gash.
Wata tara yashi ne, yara na ƙwallo a cikinsa,
ran da ya taso sai ya tafi da katangu.
Ba mugunta ba ce.
Ruwan da ya taru ne a duwatsun nesa, ba mai gani.
Mai hankali da rani yake haƙa masa hanya.

Ranar Talata na je asibiti,
mayafi har gira, kamar mai zuwa sata.
Likitar yarinya ce, gilashinta ɗaure da zare.
Na fara da tarin Ihlas.
Ta saurara, ta ajiye biro:
ke fa, yaushe rabonki da barci?

Shekara tara ana tambaya ta ya yara.

Na yi kukan da ya jiƙa mata takarda.
Ta ba abin suna.
Ba iska ba ne, ba raunin imani ba ne,
ciwo ne, irin na ido, irin na ƙashi,
sai dai shi a ɓoye yake ɗingishi.
Abin da yake da suna kuwa
ana iya ce masa: zauna can, ina aiki.

Daren nan na rubuta wa mai lauje gaskiya.
Bai mayar ba. Kira ya yi.
Mun daɗe muna sauraren shirun juna, kuɗin waya na tafiya.

Yanzu la'asar ɗin Alhamis tawa ce.
Yara na gidan Hajja, ni ina kan gadon igiya ƙarƙashin dalbejiya,
ba na tsintar shinkafa, ba na ɗinkin komai.
Da farko hannuwana sun yi ta jin kunya.

Ba na cewa na warke.
Akwai safiyar da Gash yake tasowa har wuya.
Sai in ce wa yara: Umma na zuwa bayan tulu, ku ƙirga ɗari.
Mudassir yakan yi ha'inci, ya tsallake sittin.

Na durƙusa na ba shi haƙuri kan madarar nan.
Ya ce ya manta. Idonsa bai ce haka ba.

Jiya ina rabon kisra, uku kamar kullum,
ya janye farantin, ya sake yagawa.
Huɗu, in ji shi.
Ya tura mini mafi ƙonewa,
amma dai ya tura.